Zauren Tambaya: Mai gida ya ƙara min haya, wai gwamnati ba ta da ta cewa ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kubwa nan Abuja, shekara huɗu ina zaune a ciki da falo ina biyan dubu 400 a shekara, sai kawai ejan ya turo min saƙo ta WhatsApp wai daga bana dubu 700 ne, in ba zan iya ba in kwashe kayana kafin ƙarshen wata, ga iyali ga yara uku, wallahi ko barci ba na yi. Shin babu wata doka ne da ta hana irin wannan? Kuma gidajen da ake ta cewa gwamnati na ginawa ina suke?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya yaye. Gaskiya ɗaya ce, babu wani farashi da gwamnati ta yanka wa masu gidaje a Abuja ta ce kar su wuce. Amma zancen tashi kafin ƙarshen wata barazana ce kawai. Dokar da ake aiki da ita a Abuja ta ce mai biya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida, mai biya wata-wata kuma wata ɗaya, bayan ya cika a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a tafi kotu, kuma kotu ce kaɗai ke fitar da mutum, ba ejan ba, ba ɗan sanda ba, balle a zo a cire maka ƙofa ko kwanon rufi kamar yadda wasu ke yi. Sai dai fa ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta da kyau, don in an rubuta cewa hayar ta shekara ɗaya ce cak ko an rage wa'adin notis ɗin, to abin da kuka rattaba shi kotu za ta bi. Rasit ɗinka duk ka adana, saƙon WhatsApp ɗin ma kar ka goge, sannan ka nemi mai gidan da kansa ku zauna, sau tari ejan ne ke zuga wuta don sabon ɗan haya na nufin sabuwar la'ada.

Batun gwamnati kuwa, an yi ta yunƙuri. Legas ta yi doka tun 2011 da ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, amma aka cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, kuma ko a sauran unguwannin wa zai kai mai gida ƙara alhali mutum goma na layi da kuɗi a hannu? A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin a riƙa biyan haya wata-wata a Abuja, ya tsallake karatu na biyu, aka yi ta murna, majalisar ta tashi bai zama doka ba.

Wanda ya taɓa aljihunka kai tsaye shi ne sabuwar dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026. Ana cire kashi 20 na hayar da kake biya, amma abin da za a cire ba zai wuce dubu 500 ba, daga kuɗin da za a yanka wa haraji. Kar ka ɗauka kuɗi za a damƙa maka. In hayarka dubu 700 ce za a cire dubu 140, in kana layin masu biyan kashi 15 rangwamenka dubu 21 kenan a shekara, ko rabin buhun shinkafa ba zai saya ba, amma dai haƙƙinka ne, kai rasit ofishin albashinku.

Gidajen gwamnatin kuma akwai su, a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin guda 3,112 a Karsana, nan kusa da ku ma. Matsalar ita ce gidajen na sayarwa ne, kuma gida dubu uku a garin da kullum mutane ke kwararowa ai kamar gishiri ne a rijiya. In ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF a albashi, leƙa FMBN, bankin gwamnatin tarayya mai ba da rancen gida, ka tambayi tsarin da kake zaune kana biya kamar haya har gidan ya zama naka. Sai ka shirya jira da yawon cike fom, ba abin da zai fitar da kai a bana ba ne.

TAMBAYA: Ni kuma mai gida ce a Kano, gida ɗaya marigayi ya bar min da marayu, kullum mu ake zagi. Siminti fa ya haura dubu goma a 2024, in ban ƙara ba da me zan yi gyara?

AMSA: Kina da gaskiya Hajiya, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, har leburan da zai yaɓa miki katanga. Ki ƙara, amma ki sanar da 'yan hayar tun da sauran watanni, a rubuce, in da hali ki yarda su biya kashi biyu. Mai albashin dubu 70 ba zai haɗa miki kuɗin shekara a sati biyu ba ko da shi waliyyi ne.