Tambaya da Amsa: Ɗaura hannun giya a jikin tsohon keken tsere

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon keken tsere na hannu, ƙirar Peugeot, mai giya biyar a baya, biyu a gaba. An cire masa hannayen giyar da ake ɗaurawa a ƙarfen da ya gangaro daga wuya zuwa wurin feda. Na samo na Shimano a kasuwa, waɗanda ba sa yin ƙas-ƙas, wato matsi kaɗai ke riƙe su a kan giya. Yaya zan ɗaura su? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa sifana, duba ƙarfen nan da kyau. Idan akwai 'yan ƙarafa biyu da aka liƙa dama da hagu, masu gindi mai kusurwa huɗu da ramin sukuru na milimita 5, a kansu hannayen za su zauna. Idan babu, sai hannaye masu zoben da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen.

A nan Peugeot ke ba da wahala. Tsofaffin kekunan Faransa ƙarfensu milimita 28 ne, na Ingila da Italiya kuma 28.6, kuma yawancin zobban Japan na 28.6 ne. Ratar kamar ba komai, amma ko ka ƙure noti zoben zai riƙa zamewa. Yanko siririn falle daga gwangwanin lemo ka naɗa a ƙarƙashinsa. Ka kuma shafa ƙasan ƙarfen da yatsa: sau da yawa akwai ɗan tudu da aka liƙa. Zoben ya zauna a samansa, ta wajen wuya, domin waya ƙasa take ja.

Ɗauki hoton jerin washoshin da ke cikin hannayen kafin ka warware su. Mai ɗan haƙori ita ke hana sukurun juyawa tare da hannu. In ta bar gurbinta, kullum sai ya kwance. Giris kaɗan a inda hannun ke juyawa ya isa. Ban da baƙin mai.

Na dama na giyar baya ne, na hagu na gaba. Mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori gaba da baya, ka tura hannayen gaba har ƙarshe. Zura sabuwar wayar giya, mai kaurin milimita 1.1 ko 1.2, ba ta birki ba, har kanta ya nutse a raminsa da ke jikin hannun. Bi da ita ta hanyarta a wurin feda, ta baya kuma ta shiga ɗan guntun bututun roba kafin ta kai injin giya, wato abin da ke tura sarƙa daga haƙori zuwa haƙori. Ja ta da filaya ta miƙe, ka ɗaure. Motsa hannun sau da yawa, in ta saki ka sake ja.

Saura sukurori biyu masu alamar H da L a jikin kowane injin giya, masu iyakance tafiyarsa. Na L na baya shi ne abin tsoro: in ya yi sako-sako, sarƙa za ta tsallake babban haƙori ta faɗa cikin sifok. Daga nan yanke wayar, ka bar kamar santimita 3, ka matse mata hula.

Tambaya: Ni ma irin waɗannan hannayen gare ni. Da na miƙe tsaye a hawa sai giyata ta sauka da kanta. Me ke jawo haka? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Irin wannan hannu matsi kaɗai ke riƙe shi, sifirin ɗin injin baya kuwa kullum jan wayar yake. Ƙara ɗaure sukurun mai kunne da ke riƙe hannun da rubu'in juyi, ka gwada. In bai daina ba, ko washa ta cinye, ko wayar na kamewa a ƙarƙashin wurin feda, firam na lanƙwasa yana fizgarta. Wanke wurin, ka sa giris.