Ball, Sphere da Globe: Amsar Maigida ga Yaron Shago

Ɗana, ranar da na aike ka sayen ball valve mai inci ɗaya ka dawo da globe valve, ka yi mini tambayar da ban samu sukunin amsawa ba, domin hannuna yana cikin giris kuma mai famfon yana tsaye a kaina. Cewa ka yi, "Maigida, ball ƙwallo ne, globe ma ƙwallo ne, sphere kuma haka aka koya mana a makaranta. To me ya raba su? Kuma don me aka rubuta spherical a kwalin boris ɗin injin niƙa, alhali da muka buɗe babu ƙwallo ko ɗaya a cikinsa?" Tambayar ta cancanci amsa a tsanake, domin ni kaina sai da na yi asarar kuɗi fiye da sau ɗaya kafin na gane cewa kowace daga cikin kalmomin nan tana nuna wani sashe ne daban na ƙarfen da yake a mulmule, kuma wanda ya san sashen da ake nufi ba zai sayo abin da ba shi ba.

Mu fara da abin da ka riga ka sani a Hausa. Faifai kewayayye ne, dawon fura kuwa mulmulalle ne, kuma babu Bahaushen da zai haɗa su. Bature yana da kalma ɗaya, round, wadda take ɗaukar duka biyun, har ta ƙara da bututu da sandar ƙarfe, saboda haka ita ce mafi ƙarancin amfani a wurinmu. Ta shiga Ingilishi ta Faransanci daga Latin rotundus, wadda take da dangantaka da rota, wato ƙafar keke ko ta amalanke. Idan ka ga round bar a takardar kaya, sandar ƙarfe ake nufi wadda bakinta yake da'ira idan an yanka, ba wani ƙwallo a zancen.

Dalilin yawan sunayen shi ne Ingilishi harshe ne mai tara aro. Tushensa na dangin Jamusanci ne, sannan a 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a shekaru da yawa, daga baya kuma malamai suka riƙa ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci don rubuce-rubucen ilimi. Kowane sawu ya zo da nasa sunan ƙwallo, kuma maimakon ɗaya ya kori ɗaya sai suka raba aiki.

Ball ita ce ta gida, daga dangin Jamusanci, kuma tana da 'yar'uwa a tsohon harshen mutanen Sikandinebiya. Ita ce kalmar talaka da ma'aikaci, kuma a sana'armu tana nufin ƙwallon da za ka iya cirewa ka riƙe a tafin hannunka, wanda shi ne yake yin aikin. Ɗauki boris lamba 6203 da ke cikin famfon da muka kwance shekaranjiya, ka ɓalle murfin robarsa, za ka ga ƙananan ƙwallayen ƙarfe suna jere tsakanin zobe biyu, an raba su da keji don kada su gogi juna. Wannan shi ne ball bearing. Lambar 6 ta farko tana nuna irinsa ne, mai layi ɗaya na ƙwallaye a cikin kwari mai zurfi, 03 ta ƙarshe kuma tana nuna ramin ciki milimita 17 ne. Daga 04 zuwa sama ninkawa ake yi da biyar, shi ya sa ramin 6204 yake milimita 20. Kwarin da ƙwallayen suke gudu a cikinsa Bature yana kiransa race, kuma daga ball race bakin makanikai ya murɗa ya samo mana boris, har muka wayi gari muna kiran kowane iri da sunan, ko da ƙwallo ko babu. Nan ne ruɗaninka ya samo asali, kuma laifin bakinmu ne, ba na kwalin ba.

Haka zancen yake ga ball joint na ƙafar mota, wanda ƙwallo ne a kan ƙusa yana juyawa cikin kwanonsa, da ƙwallon da ke yawo a saman ruwan tanki yana rufe bawul idan tanki ya cika. Har biron da kake rubuta rasit da shi sunansa na asali ballpoint, saboda ɗan ƙwallon da ke bakinsa yana birgima yana ɗebo tawada, biro kuwa sunan mutumin Hungari ne, László Bíró, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1938.

Sphere daga Girkanci sphaira take, ta bi ta Latin da Faransanci kafin ta iso. Wannan kalmar malamai ce da masu zanen inji, kuma abin da take nunawa shi ne siffar fuska, wato fuskar da ko'ina a kanta nisansa ɗaya ne daga tsakiya. Masu lissafi ma sun raba su sarai, sphere ita ce fatar waje kaɗai, ball kuwa fatar da abin da ke cikinta. Shi ya sa ƙarfe zai iya zama spherical ba tare da ya zama ƙwallo ba, ya isa a ce an ƙwaƙule wani sashensa kamar an yanko shi daga cikin ƙwallo, yadda cikin ƙwarya yake.

Yanzu ka koma ga boris ɗin injin niƙa, lamba 22210, mai rami milimita 50. Abubuwan da ke birgima a cikinsa masu ƙirar ganga ne, tsakiyarsu ta fi bakinsu kauri, layi biyu. Sa yatsanka a cikin zoben waje ka shafa daga wannan baki zuwa wancan, za ka ji ya lotsa kamar cikin ƙoƙo. Wannan lotsawar ce aka kira spherical. Amfaninta shi ne zoben ciki da gangunansa suna iya karkata kaɗan, kamar digiri ɗaya ko biyu, ba tare da sun cije ba, domin duk inda suka karkata fuskar da suke takawa iri ɗaya ce. Injin niƙa da aka kafa a kan dakalin da bai daidaita ba, ko wanda sandarsa take ɗan lanƙwasa idan nauyi ya hau, irin wannan boris yake bukata. Idan ka sa masa mai ƙwallo na yau da kullum zai yi zafi, ya fara kuka, ya mutu kafin lokacinsa. Dabarar ta fito ne daga wani injiniya ɗan Suwidin, Sven Wingquist, wanda a 1907 ya ƙera boris mai daidaita kansa, a kan ƙirar kuma aka kafa kamfanin SKF a birnin Gothenburg. Nasa mai ƙwallaye ne layi biyu a cikin zobe mai lotsawa, irin lamba 1205 da muke da shi a kanta, kuma in ka duba shi za ka ga kalmomin biyu a ƙarfe ɗaya: ƙwallayen ball ne, hanyarsu spherical. Mai gangunan ya biyo baya a 1919.

Za ka sake haɗuwa da kalmar a zanen inji. Da'ira mai layi a karkace a gaban lamba tana nuna faɗin rami ko sanda, R tana nuna rabin faɗin, amma idan aka sa S a gabansu, kamar SR 20, ana gaya wa mai sassaƙa ƙarfe da inji ne cewa wurin nan ba kwana ce kawai za a zagaye ba, mulmule shi za a yi ta kowace fuska. Hemi kuma rabi ne a Girkanci, saboda haka hemispherical rabin ƙwallo ne, irin ƙeyar hamar da muke baje kan ribit da ita, ko da yake maƙera sun fi son kalmar gida suna ce mata ball-peen.

Sai globe, wadda ta jawo maganar. Daga Latin globus take, ma'anarta dunƙule ko curi, kuma a yau idan Bature ya faɗe ta kai tsaye duniya yake nufi, ko mulmulalliyar taswirarta da ake ajiyewa a aji. A kayan aiki kuwa yawanci jikin waje take nufi, kwanson da ya kumbura ya rufe wani abu. Ɗauko bawul ɗin da ka sayo ka kwance kansa. Babu ƙwallo a ciki. Abin da za ka tarar shi ne sanda mai zare, da faifai a ƙasanta, wanda yake sauka a hankali ya zauna a kan baki idan ka murɗa sitiyarin, kamar yadda kan famfon wanka irin na dā yake aiki. Tumbin jikinsa na waje ne ya ba shi suna, kuma sunan ya zauna ko a kan waɗanda ake ƙerawa yanzu da tumbinsu bai kai ya kawo ba. Ruwa yana shiga ta ƙasa, ya yi kwana ya haura ta bakin, ya sake kwana ya fita, shi ya sa yake rage wa ruwa ƙarfi, shi ya sa kuma ake zana kibiya a jikinsa don kada a ɗaura shi a juye. Gwaninta tasa ita ce rage ruwa ko ƙara shi kaɗan-kaɗan.

Ball valve kuwa da gaske akwai ƙwallo a cikinsa, mai sheƙi, an huda shi ta tsakiya, yana zaune tsakanin zobe biyu na farar roba mai santsi. Idan hannun ya miƙe daidai da bututu, ramin ƙwallon ya fuskanci ruwa ke nan, sai ya wuce kai tsaye. Idan ka juya hannun ya gitta, digiri 90 kawai, gefen ƙwallon ya toshe hanya. Aikinsa buɗewa gaba ɗaya ko rufewa gaba ɗaya, kuma masu barinsa rabi da rabi don rage ruwa su ne suke kawo mana shi bayan 'yan watanni yana yoyo, domin ruwan ya cinye zoben. A bututun da ke fita daga tankin nan ƙarfin ruwan dama bai taka kara ya karya ba, saboda haka bawul mai sa ruwa ya yi kwana har sau biyu bai dace da wurin ba. Ban ga laifinka sosai ba, tun da a ido wanda ka sayo ya fi kama da ƙwallo, kuma mai shagon da ya miƙo maka bai tsaya ya tambaye ka inda za a ɗaura ba.

Wannan ma'anar ta kwanson waje ita ce ta ba mu gulob. Gilashin da ke rufe wutar fitila Bature yana kiransa globe, kuma har yau a Ostireliya da Afirka ta Kudu haka ake kiran ƙwan lantarki, alhali a Ingila da Amurka bulb suke cewa. Bulb kuwa tun asali albasa ce, ko saiwa mai kai irin nata, daga Girkanci bolbos, kuma da wannan ma'anar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. Abin da take nunawa shi ne kumburi a ƙarshen abu siriri, saboda haka kada ka zaci fitila ce duk inda ka gan ta, domin ɗan kumburin da ke ƙarshen siririn bututun na'urar daidaita sanyin firji shi ma bulb ne. Mu ƙwai muka gani, su albasa suka gani, kuma a ganina tasu ta fi kama saboda wuyan.

Akwai ƙanana da ba sai na ja ba. Bullet daga Faransanci boulette take, ɗan ƙwallo, tun zamanin da harsashi yake curin darma, kuma sunan bai canza ba bayan harsashi ya yi tsini. Ballot daga Italiyanci ballotta, domin da ƙananan ƙwallaye ake jefa ƙuri'a a birnin Venice. Balloon da muka mayar balan-balan babban ƙwallo ke nan. Pellet da pill duka suna komawa ga Latin pila. Orb ba za ka gan ta a kwalin kaya ba, ta sarakuna ce da masu waƙe, kamar ƙwallon zinariya mai gicciye da aka miƙa wa Sarki Charles a bikin naɗinsa a 2023, amma 'yar'uwarta orbit tana cikin shagon nan a jikin orbital sander, injin goge katako wanda faifansa yake zana ƙananan da'irori.

Wadda ta fi ba ni mamaki da na fara jin asalinta ita ce bead. A tsohon Ingilishi addu'a take nufi, sai sunan ya tashi daga addu'ar ya koma kan ƙwayoyin carbin da Kiristoci suke ƙirga ta da su, daga nan ya bazu zuwa dutsen wuya da ɗigon gumi. Ita ce kuma ta fi kowace nisa da asalinta a wurin aiki, domin layin narkakken ƙarfe da mai walda yake bari a kan haɗi bead ne, haka bakin taya mai waya a ciki wanda yake zama a kan rim, alhali babu ɗayansu da yake mulmulalle.

Gobe da safe ka mayar da globe valve ɗin da rasit ɗinsa. Kafin ka karɓi na musanya, ka leƙa ta bakinsa ka juya hannun, ka tabbata ka ga ƙwallon yana juyawa kuma haske yana ratsawa ta ɗaya bakin. Ka biya ka sayo 6203 guda biyu, masu murfin roba ta kowane gefe, waɗanda aka rubuta 2RS a bayan lambarsu.