Kada ka sa wa allon nan gam

Ɗana, ka ce allunan katakon da ke jikin bangon tsohon gidan nan suna motsi in ka danna su, ko mu zuba musu gam su zauna. Kul! Wannan motsin ne ya raya su sama da shekara 400.

Ka tuna ƙofar gidanku da damina, sai an sa kafaɗa take rufuwa, hunturu na shigowa kuma ta saki? Katako ko a Ingila halinsa ke nan. Ya sha danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake yi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Kafintocin ƙarni na 16 sun san haka sarai. Sai su haɗa firam, su fere siririn tsagi a cikinsa, su zura allon ya zauna sakayau, ba gam ba ƙusa. Firam ɗin ma da ƙusar katako suka ɗaure shi. Ran da ka samu hutu ka leƙa Haddon Hall, wani tsohon babban gida a yankin Dabisha na Ingila, za ka ga irin wannan aikin yana nan daram.

Itacen kuwa shi ne Turawa ke kira ok. Mai kyaunsa da yawa daga yankin tekun Baltik a arewacin Turai aka riƙa kawo shi ta jirgin ruwa, ta tashar Danzig (Gdansk ta ƙasar Poland a yau). Tsaga gungumen suke yi daga zuciya zuwa ɓawo, shi ya sa allon ba ya lanƙwashewa. Matso da fitila. Ka ga zanen nan mai walƙiya kamar azurfa? Shaidar tsagar ke nan.

Yanzu dubi na kusa da murhu. Wani ya riga mu, ya shafa gam, ya bi da ƙusar ƙarfe. Da aka sa wa gidan na'urar ɗumama ɗaki, allon ya so tsukewa ya rasa hanya, sai ya dare tun daga sama har ƙasa. Wallahi duk sanda na kalle shi sai raina ya ɓaci. Baƙin tabon da ke kewaye da ƙusar kuwa, dalilinsa shi ne itacen ok na da sinadari irin na bagaruwar da majema ke jima da ita, in ya haɗu da ƙarfe da danshi sai ya yi baƙi.

Ajiye sanfefar nan ma, duhun fuskarsa ba datti ba ne, shekaru ne. Ɗauko buroshi mai laushi ka kakkaɓe ƙurar cikin tsagin, sannan mu shafa kakin zuma kaɗan-kaɗan. Fara daga bakin taga.