Na Danna PrtScn, Ina Hoton Ya Shige?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata Windows 10 ce. Ina danna PrtScn don ɗaukar sikirinshot, amma na duba ko'ina ban ga hoton ba. Maɓallin ne ya lalace? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maɓallinka lafiyarsa ƙalau. PrtScn shi kaɗai ba ya ajiye fayil. Hoton ma'ajin kwafi yake tafiya, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da aka kwafa kafin a manna shi. Buɗe Paint ko Word, ka danna Ctrl da V, za ka gan shi. Sai dai ma'ajin nan abu ɗaya tak yake riƙewa. Ko kalma guda ka kwafa daga baya, hoton ya tafi ke nan.

In fayil kake so, riƙe maɓallin Windows sannan ka danna PrtScn. Allon zai ɗan dishe kamar ƙiftawar ido, hoton ya sauka a foldar Screenshots da ke cikin Pictures. Idan babu shi a can, leƙa cikin OneDrive, wato ma'ajin fayil na Microsoft a intanet, domin yakan janye foldar zuwa wurinsa. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, wani lokaci sai an haɗa da maɓallin Fn.

Mu dai danna Windows, Shift da S tare muka fi so: ka ja linzami kan daidai wurin da kake buƙata, ba sai ka tura wa mutane hoton da ke tona duk shafukan da ka buɗe ba.

Tambaya: Ina cike wa mutane fom a shagon kafe. Kullum sai in kwafi suna in manna, in koma in kwafi lambar NIN, in sake komawa. Babu hanya mafi sauƙi? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Akwai, Malama. Tun 2018 Windows 10 ke da tarihin kwafi, amma a kashe yake zuwa. Danna Windows da V, ki kunna shi. Daga nan ki kwafi suna, lamba da adireshi a jere, in kin zo kan fom ki sake danna Windows da V ki zaɓi wanda kike so. Abu 25 yake ɗauka, kowanne kada ya wuce megabait 4. Na 26 na shigowa, mafi tsufa zai faɗi. Da zarar an kashe kwamfutar aka sake tayar da ita, duk sun goge, in ban da waɗanda kika kafe da alamar fil. Saboda haka ki kafe irin adireshin imel na shago da kike mannawa kullum.

Ga inda ake samun matsala. Duk wanda ya zauna kan kujerar bayanki, maɓalli biyu kawai zai danna ya ga NIN, BVN ko kalmar sirrin kwastoman da ya tashi. Ki riƙa danna Clear all a cikin tarihin kwafin bayan kowane mutum, kuma ki sani ba ya taɓa abin da aka kafe. Manhajojin tarihin kwafi irin su Ditto da CopyQ sun fi ɗaukar kaya, kuma suna ajiyewa ko an ɗauke wuta, shi ya sa ba mu ba da shawarar sa su a kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa.

Tambaya: Shafin intanet ɗin da nake son ɗauka ya fi allon tsawo. Kuma hoton bidiyon Netflix baƙi ƙirin yake fitowa. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: A Firefox ko Edge, danna Ctrl, Shift da S, ka zaɓi ɗaukar shafin gaba ɗaya, har abin da ke can ƙasa. Na Netflix kuwa da gangan ne: kariyar haƙƙin mallaka ce ke hana ɗaukar hoton bidiyon, sauya maɓalli ba zai gyara ba.