Amsa ga ƙanina mai son karatun ƙwayoyin halittar kifi

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka tun Laraba, ka yi haƙuri aiki ne ya sha kaina. Ka ce ka gama digiri a fannin kifi kana son zuwa nan Jamus ka yi mastas kan DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta, na kifin ruwan daɗi, amma Baba yana tambaya wai kiwon tarwada za ka je koyo har Turai. Ka faɗa masa ba kiwo ba ne, bincike ne kan yadda kifi ya rarrabu iri-iri.

Karfasar nan da ake soyawa a bakin Kainji, danginta ake kira siklid, kuma a tafkin Victoria na gabashin Afirka kaɗai akwai irinsu wajen 500 da suka samu cikin shekara 15,000 kacal, wani kankare gansakukar jikin dutse yake yi, wani dodon koɗi yake fasawa, wani kuma ’yan uwansa kifaye yake ci. A 2017 Joana Meier da Ole Seehausen a Suwizalan suka nuna cewa zuriya biyu ce, ta kogin Kongo da ta Nilu, suka cakuɗu tun da daɗewa, wannan gaurayen ne ya ba su damar rarrabuwa da sauri haka. Abin da ke min ciwo, giwan ruwa ɗin nan da ake alfahari da ita a Argungu, ita aka zuba a tafkin Victoria a shekarun 1950, ta taimaka wajen ɓatar da iri kusan 200.

Amma fa ka sani ba a bakin ruwa za ka yini ba. Ɗan tsokacin fiffiken kifi da bai kai farce ba ake yanka a jefa cikin ƙaramar kwalba mai etanol, sinadarin da ke hana shi lalacewa, shi ke nan, sauran watannin kana gaban kwamfuta, lokacin sanyi ƙarfe biyar ba ta yi ba gari ya yi duhu kai kana nan kana fama da lissafi. Ni shekarata ta farko na sha wuya sosai saboda ban iya R da Linux ba, manhajojin kwamfuta da ake wannan lissafin da su, don Allah ka fara su yanzu, kyauta suke a intanet.

Maganar kuɗi kuma, sai ka ajiye sama da Yuro 11,000 a asusun da ake kullewa kafin biza idan ba ka samu tallafin DAAD ba, wato hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, kuma jami'ar Konstanz inda Farfesa Axel Meyer ya daɗe yana aikin siklid tana jihar da ke karɓar Yuro 1,500 duk zango daga irinmu ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba.

Idan za ka rubuta wa farfesa kar ka ce kawai kana sha'awa. Ka leƙa cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ka zauna da masunta, ka samo tambayarka kan kifin Kainji ko tafkin Chadi. Turo min wasiƙar in duba kafin ka aika.