Amsa ga Hajiya kan fumfunar sitiroberi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da warhaka, 'yan uwa na wannan zaure. Hajiya, na ga hotunan da kika turo jiya, na kuma saurari bayaninki cewa 'ya'yan sitiroberin da kika shuka a buhuna a bayan gida suna ruɓewa kafin su gama nuna, wani abu mai kama da auduga ruwan toka yana lulluɓe su. Na ga gara in amsa da murya, domin maganar tana da ɗan tsawo.

Abin da ke jikinsu fumfuna ce, wadda masana ke kira Botrytis cinerea, kuma ita ce dai take kama tumatir da inabi. Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, ba ranar da kika gan ta ba ce ta shiga. Yawanci tun shukar tana fure take shiga, ta kwanta shiru a gindin ɗan, wurin da koren ganyen nan ya yi masa hula, har sai ya fara ja ya yi zaƙi sannan ta farka. Shi ya sa ruɓar take farowa daga wajen hular da tabo mai ruwan ƙasa, kafin tokar ta bayyana. Saboda haka wanda ya jira sai ya ga toka a jikin ɗa kafin ya tashi tsaye, ya riga ya makara da makonni.

Abu biyu take nema: sanyi matsakaici, kamar digiri 15 zuwa 22, da kuma fure ko ganye ya daɗe a jiƙe, kimanin awa 12 ko fiye. Sanyin ba mu da iko a kansa, kuma shi ne ma ya sa sitiroberi ya karɓi ƙasar Filato, har manoman Chaha da ke yankin Vom suka yi suna da shi. Amma jiƙar, a lokacin hunturu da iska take a bushe, mu ne muke kawo ta da hannunmu. Ni ma haka ta faru da ni a shekarata ta farko a nan Jos. Sai na dawo daga aiki bayan la'asar nake ɗaukar buta in yayyafa musu ruwa daga sama, su kwana a jiƙe, raɓa ta ƙara musu, kuma har yau ina jin zafin 'ya'yan da na zubar a wannan shekarar.

To, ki mayar da ban ruwa da safe, bayan rana ta fito, kuma ki zuba a gindi, a kan ƙasa, kada ya taɓa fure ko ganye. Idan 'yar aiki ko yara ne ke ba da ruwan, ki nuna musu da kanki, domin a nan ake yawan samun matsala. Na kuma lura buhunanki suna manne da juna a jikin katanga. Ki raba su, a samu tazarar kamar santimita 30 tsakanin shuka da shuka, ki matso da su inda za su sami rana ta awa 6 ko fiye, iska kuma ta riƙa ratsa su. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai tsabta a gindinsu, ko ki bar 'ya'yan su yi reto a bakin buhu, kada su kwanta a kan danshin ƙasa.

Yau ɗin nan kuma, kafin komai, ki ɗauki leda ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk ɗan da ya kamu, da busasshen ganye, da furen da ya mutu, ki cire a hankali ki saka a ledar nan take, domin tokar da kike gani ƙwayoyin cutar ne, da zarar an girgiza sai su tashi kamar ƙura su sauka a kan masu lafiya. Kada ki zuba su a ramin taki. Ki ɗaure ledar ki fitar da ita daga gidan, ki wanke hannu da almakashin.

Akwai kuma maganar taki. Yuriya da kashin kaji in sun yi yawa, ganye ne ke cika ya yi duhu, ya rufe furen ya hana shi bushewa, 'ya'yan kuma su yi laushi. Da zarar fure ya fito ki rage.

Wani ɗan uwa a nan ya ba ki shawarar feshi. Akwai magunguna, irin su captan, amma amfaninsu a lokacin fure ne, ba sa warkar da ɗan da ya riga ya ruɓe, kuma wannan fumfunar ta yi ƙaurin suna wajen sabawa da wasu magungunan idan ana maimaita iri ɗaya. Ga buhu goma ko ashirin da yara za su tsinka su kai baki, ni ban ga dalilin feshi ba. In kuwa ya zama dole, a bi abin da ke rubuce a jikin maganin, musamman kwanakin jira kafin tsinka.

Waɗanda suka nuna ki riƙa tsinka kullum ko bayan kwana biyu, idan raɓa ta bushe, ki sa su a firji ba tare da wankewa ba, sai za a ci a wanke. Idan ruwan farko ya fara sauka wajen Afrilu, ki janye buhunan zuwa ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Bayan mako biyu ki turo mana hoton sababbin furannin, in Allah ya yarda mu sake dubawa tare. Wassalamu alaikum.