Ciko a gangaren dutse zai iya ɗaukar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Na gaji fili a gangaren dutse kusa da Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa da ke kudancin jihar Kano, cike da ɗorawa da kaɗanya da marke, kuma ina son gina gidan zamani. Birkila ya ce a sare itatuwan, katafila ta baje wurin, a yi ciko a ɓangaren da ya gangara, a tare shi da katangar bulo. Hankalina bai kwanta ba, domin duk abin da na tara zan zuba a ciki.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka dakatar da katafilar nan tukuna. Gida a gangare ana zana shi ne ya bi ƙasar hawa-hawa, falo da kicin a mataki ɗaya, ɗakunan kwana a wani, kowane harsashi ya sauka kan ƙasa ta asali ko kan dutse. Itatuwan kuma jijiyoyinsu ne suke riƙe ƙasar, don haka ba a cire sai waɗanda suka faɗo cikin gini ko suka matse shi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar ciko, wadda kusan kullum sai na yi gardama a kanta. Mutane sun ɗauka idan tifa ta zube ƙasa, damina ɗaya ta dake ta, to ta zama daidai da wadda Allah Ya ajiye a wurin. Ba haka ba ne. Cikon da ba a daddanne shi da inji ba, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kimanin santimita 15, zai ci gaba da lotsawa na tsawon shekaru, alhali ɓangaren da aka yanka a jikin tudun ba ya motsi. Na taɓa shiga wani gida da aka gina haka, na sa yatsuna biyu cikin tsagar da ta tashi daga kusurwar taga har ƙasa, ƙofar ɗakin yara kuwa ta daina rufuwa.

Katangar bulo mai inci 9 ba a yi ta don tare ƙasa ba. Idan marka ta kama a watan Agusta, kuma kudancin Kano ya fi arewacinta ruwa, ƙasar da ke bayan katangar takan sha ta yi nauyi ta tunkuɗe ta, sau da yawa cikin dare mutane suna barci. Abin da ake bukata shi ne bangon kankare mai rodi wanda aka lissafa, da tsakuwa a bayansa, da ƙofofin da ruwa zai riƙa fita, sannan magudana a saman fili da za ta karkatar da ruwan dutse tun bai iso gida ba. Duk wanda ya ce maka “haka muka saba yi” yana wasa ne da ran iyalinka, ya ji tsoron Allah.

Ka sa a auna gangaren a gwada ƙasar, ka nemi mai zane da ke da rajistar ARCON (hukumar rajistar masu zanen gine-gine) da injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi), kuma ka kai su filin su taka shi da ƙafarsu kafin a ja layi ko ɗaya.